Muhawara: Me ke sa asibitin ƙauye ya amsa sunansa?

Sista Ungozoma:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya na ga ana ta yaɗa hoton sabon ginin asibiti a wani ƙauye, fenti fari da kore, kowa na sa albarka. Allah ya sa a amfana. Ni dai shekarata 11 ina kwana a ɗakin haihuwa na wani asibitin karkara, kuma abin da ya fi canja min aiki a duk shekarun nan wata leda ce.

Ledar tana da aljihu mai tsini a ƙasa kamar mazurari, an ja mata layuka da lambobi. Da zarar jariri ya faɗo sai mu shimfiɗa ta ƙarƙashin mai jego, jinin ya riƙa taruwa a aljihun muna kallo. A da kintace muke yi da ido. Zani ya sha, katifa ta sha, wani ya bi ƙasa, ki ce ai bai kai ya kawo ba. Mace tana miki hira, tana tambayar namiji ne ko mace, sai ki ga ta fara hamma, ta ce a ba ta ruwa, goshinta ya yi gumi mai sanyi. To a lokacin ta riga ta yi nisa.

Daren Talatar nan wata baiwar Allah ta zo, haihuwa ta 7. Ko minti 20 ba a yi ba jini ya taɓa layin mililita 500, wato rabin lita. Ita kanta ba ta ji komai ba tukuna. Nan take na hau murza mata mara don mahaifa ta tsuke, abokiyar aikina ta yi allurar oksitosin mai tsuke mahaifa da ta tiranekzamik mai taimaka wa jini ya tsaya, muka ɗaura ruwa, na duba ko ta ƙaru ko akwai guntun mabiyiya da ya maƙale. Duk a lokaci guda. Da asuba tana zaune tana shan kunu, ɗiyarta a cinya.

Tambayata ita ce: me ya sa in an ce a kawo sabon abu asibitin ƙauye, hankalinmu ke tafiya kan gini da manyan na'urori?

Likitan Gunduma:
Wa alaikumus salam Sista, sannu da ƙoƙari. Bari in ƙara wa jama'a bayani, don kada a ɗauka dabarar asibitinku ce kawai. An gwada wannan tsari a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata fiye da 200,000, aka fitar da sakamako a 2023. Sunan binciken E-MOTIVE, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa. Inda ake kintace da ido, kusan rabin matan da ke zubar da jini fiye da ƙima ba a gano su. Inda aka sa ledar, ana gano fiye da 9 cikin 10. Mummunan zubar jini da abin da yake jawowa ya ragu da kashi 60 cikin 100.

Abin lura, babu sabon magani ko ɗaya a ciki. Duk magungunan muna da su tun da. Kuskurenmu shi ne mu ba da ɗaya, mu jira mu gani, in bai yi ba mu ba da na biyu. Jiran nan ne ke cin rai. Ita tiranekzamik ma sai an yi ta cikin awa 3 da haihuwa take da cikakken amfani.

Injiniya Ɗan Sola:
Sista, na yarda da ke, amma kada mu raina manyan abubuwa. Ni na je Pambegua a ƙaramar hukumar Kubau na ga tashar jiragen Zipline marasa matuƙi, wadda aka buɗe a 2022. Ana ɗora kaya, jirgi ya tashi, ya je saman asibiti ya saki kwali da 'yar lema ya juyo. A Ruwanda tun 2016 suke kai jini da shi, Ghana ma ta bi sahu a 2019. Ki duba ƙauyen da rafi ke yanke masa hanya duk damina. Ledarki za ta gaya miki jini ya zuba, to wa zai kawo miki wanda za a mayar?

Likitan Gunduma:
Injiniya, jirgin ba ya ƙera jini. Sai wani ɗan Adam ya miƙa hannu an ɗiba, an gwada, an adana, kafin a samu abin ɗorawa. Mu matsalarmu ta fara tun daga wannan hannun.

Injiniya Ɗan Sola:
Gaskiya ne Dakta. Amma ka ga ko adanawar ai wuta take buƙata, mun dawo fagena ke nan. Oksitosin ɗin da Sista ta ambata, in ba a firij take ba, zafin Afrilu yana kashe mata ƙarfi. Na sha zuwa gyara in tarar da firij ya mutu wata 3, alluran na cikin durowa. Sau da yawa kuma ba wani babban abu ba ne: ƙura ce ta rufe farantin sola tun hunturu ba mai gogewa, ko an jona cajin wayoyin rabin gari a batirin. Bokitin ruwa da tsumma sau ɗaya a mako ya isa ya hana rabin kiran da ake min.

Kuma ku tuna akwatin solar nan mai ruwan ɗorawa da ke rataye a ɗakunan haihuwa da yawa, daga ƙasar nan tunaninsa ya fito. Wata likitar mata Ba'amurkiya, Laura Stachel, ta zo Zariya a 2008, ta ga ana karɓar haihuwa da fitilar ƙwai da tocila, ta koma ita da mijinta suka haɗa shi. Yanzu yana ƙasashe da dama.

Baban Amira:
Ku yi haƙuri zan shigo da magana mai nauyi. Shekara 4 ke nan da rasuwar matata. Ta haihu a gida lafiya wajen ƙarfe 1 na dare, jini ya ɓalle. Kafin mu samu mota 2 ta wuce. Muka isa asibitin da ke kusa, ƙofa a rufe, mai gadi ya ce ma'aikaciyar a cikin gari take kwana. Muka wuce babban asibiti, can aka ce jini, aka gwada ni bai dace ba, ƙanena da ya dace aka ce nasa bai isa a ɗiba ba. Ina tsaye a baranda ina buga waya ana kiran assalatu aka fito aka ce in yi haƙuri.

Ginin farkon nan sabo ne fil, har da tayil. Ni yanzu in an ce asibiti mai kyau, abu ɗaya nake tambaya: in na ƙwanƙwasa ƙarfe 2 na dare, akwai mai buɗewa?

Sista Ungozoma:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙanta da rahama, ya sa shahada ce, ya raya Amira. Baban Amira, ba ni da abin kare wannan ƙofar da ka tarar a rufe.

Hajiya Gwaggo:
Allah ya gafarta mata, ya ba ka dangana ɗana.

Sista 'yata, zan faɗi wata ko da ba za ta yi daɗi ba. Ni na haifi 9, na kuma raka jikoki ba adadi. Abin da ke hana matanmu zuwa asibiti ba nisa kaɗai ba ne. Tsawa ce. Yarinya 'yar fari, kunya ta cika ta, ko sunan naƙuda ba ta iya faɗa gaban surukarta, ta daure ta zo, sai a tarbe ta da "sai yanzu kika ga dama?" a gaban mutane, a kware mata zani ba labule. Wallahi ko da zinare aka gina wurin ba za ta sake komawa ba, kuma za ta gaya wa duk matan gidansu. Akwai wata ma'aikaciya da aka taɓa kawo mana, ba ta fi ku magani ba, amma takan bar uwa ta zauna kusa da 'yarta, ta bari a yi tofi a ruwa, ta ba mu mabiyiya mu kai gida mu binne yadda muka saba. A shekarar nan har daga ƙauyukan gefe ake zuwa. Da aka canja mata wurin aiki sai ɗakin ya koma kamar an share.

Sista Ungozoma:
Hajiya, gaskiyarki ce, kuma na karɓa. Ni ma akwai daren da na ɗaga murya kan wata yarinya, har yau in na tuna raina yana ɓaci. Mata 4 ne ke naƙuda ni kaɗai, na kwana biyu ban runtsa ba, amma ita ba ta san wannan ba, abin da ta sani an yi mata tsawa tana cikin ciwo. Na nemi gafararta da safe. Daga nan na sa aka ɗinka labule 3 da kuɗin kwamitin unguwa, kuma duk mai naƙuda muna barin mutum ɗaya nata ya shigo.

Sai dai ku ma ku duba mana. Ma'aikaciyar da ke kwana a gari, wani lokaci ɗakin kwanan ma'aikata ba ƙofa, ba ruwa, ba katanga, ga halin tsaro da ake ciki. Mace ita kaɗai ba za ta kwana a nan ba, ko ta yarda mijinta ba zai yarda ba. In gari ya gyara ɗaki ɗaya ya sa mai gadi na amana, rabin wannan matsalar ta kau.

Direban Tasha:
Salamu alaikum. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, ɗana ke rubuta min. Awa ɗayan nan da Baban Amira ya yi yana neman mota, ita ce tamu. A tasharmu ƙungiyar direbobi ta NURTW ta sa mu cikin tsarin ɗaukar mata masu naƙuda. Aka koya mana alamun haɗari: jini, jijjiga, naƙudar da ta kwana ta wuni, hannu ko cibiya ta riga fitowa. Aka koya mana yadda za a kwantar da ita a kujerar baya ta gefen hagu. Lambata tana wurin mai unguwa da liman da ungozomar gargajiya. Kuɗin mai kawai ake ba ni, wani lokacin ma sai bayan suna. Ladan da ƙungiya ke ba mu shi ne washegari a ba ka lodi ba ka bi layi ba.

Na ɗauki mata sun fi 30. Biyu sun haihu a motata. Abin da ke min ciwo shi ne in taka mota cikin dare in kai, a ce a wuce gaba, can ma a ce a wuce gaba. Yanzu kafin in tayar sai na kira asibitin na ji muryar mutum.

Sista Ungozoma:
Baba Direba, Allah ya biya ka. Wannan kiran da kake yi kafin ka taso, mu ma yana taimakonmu, don kafin ka iso mun ɗaura ruwa a sanda mun fito da allurai.

Ɗan Madawa:
Gaisuwa daga Nijar. Ina bin zancen tun safe. Mu nan abin da aka yi kan zubar jini mataki 3 ne, kuma har ƙananan asibitocin karkara an kai shi. Farko ƙwayoyin misoprostol masu tsuke mahaifa, waɗanda ba ruwansu da firij. In jini bai tsaya ba, a ɗaura kwaroron roba a bakin siririn tiyo, a sa cikin mahaifa, a cika shi da ruwan ƙari ya kumbura ya danne inda ke zuba. In ta galabaita, a naɗe ta da wata riga mai matse ƙafafu da ciki don jinin da ya rage ya koma zuciya da ƙwaƙwalwa har a isa inda za a yi mata aiki. A 2023 aka ba da rahoton cewa mutuwar mata ta wannan hanya a asibitocin ƙasar ta ragu da fiye da rabi. Ƙanwata saj-fam ce, wato ungozomar asibiti, ta ce rigar nan ana wanke ta a sake amfani da ita sau da yawa, babbar wahalarsu ita ce in ta tafi da mara lafiya a samu ta dawo.

Sannan ga Galmi, tsakaninmu da Ƙonni. Tun 1950 asibitin mishan ɗin nan yake a ƙauye, kuma har daga Sakkwato da Illela mutane ke tsallakowa. Abin da ke kawo su, sun san in sun zo za su tarar da lokotoro, wato likita, mai fiɗa.

Malamin Makaranta:
Ɗan Madawa, a nan zan ja da kai kaɗan. Galmi na mishan ne, da taimakon waje yake tafiya. Haka in an ambaci Jahun a Jigawa, kowa ya san ƙungiyar likitoci ta MSF ke riƙe da ɓangaren haihuwa da na yoyon fitsari tun 2008. Ba na raina aikinsu, sun ceci dubban mata. Amma in duk misalinmu na asibitin karkara mai kyau sai da hannun baƙo a ciki, me muka tabbatar? Ranar da suka naɗe tabarmarsu fa? Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. A ƙarshen 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu buƙata. Mu tambaya mu ji ina abin ya kwana a gundumarmu, maimakon mu zauna yabon na wasu.

Likitan Gunduma:
Malam, rabin maganarka na karɓa. Tambayar kuɗin nan haƙƙinmu ce, kuma kwamitin ci gaban mazaɓa yana da ikon ya nemi ganin lissafin asibitinsa. Mutane da yawa ba su san haka ba.

Rabin da ban karɓa ba shi ne a ce ba abin koyo a wurin. Na taɓa zama da waɗanda suka yi aiki a irin waɗannan wurare, abin da suke faɗa ba na'ura ba ne. Mai aikin dare yana nan da dare. Maganin gaggawa yana cikin akwati ɗaya a ɗakin haihuwa, ba a kulle a sito mai makulli ya tafi gida ba. In mace ta rasu ana zama a bi diddigi awa bayan awa, a ga inda aka makara, ba don a kama wani ba. Wanne ne a ciki sai da dala?

Ka ɗauki Dakta Kees Waaldijk, mutumin Holan. Aikin kuturta ya kawo shi Babbar Ruga a Katsina a farkon shekarun 1980, ya tarar da mata masu yoyon fitsari ba mai kula su, ya koyi gyaran, ya yi wa dubbai, ya koyar da likitocinmu da nas-nas da yawa. Cikin abin da ya nuna har da cewa in yoyon sabo ne aka sa wa mace robar fitsari da wuri ta yi makonni, wasu suna warkewa ba tare da wuƙa ba. Robar nan tana kowane asibiti. Ilimin ya zauna a hannun 'yan ƙasa, yau Babbar Ruga cibiyar tarayya ce.

Malamin Makaranta:
Na ji Dakta. To kai me ya zaunar da kai a gunduma, alhali 'yan ajinku suna Saudiyya da Ingila?

Likitan Gunduma:
Mahaifiyata tana nan, shi ne gaskiya. Kuma ba zan yi maka alkawarin shekara 5 masu zuwa ba. Ni kaɗai ne likita, in na tafi ta'aziyya ɗakin tiyata ya rufe. Abin da Nijar ta yi na ɗaukar likitocin gama-gari a koya musu tiyatar gaggawa a tura su asibitocin gunduma ya burge ni, don bai jira ƙwararru sun yarda sun zo ƙauye ba. Mu ma da za a riƙa ɗaukar 'ya'yan gari a kai su makarantar ungozoma su dawo gida, da ya fi a turo baƙuwa da ke ƙirga kwanakin komawa.

Hajiya Gwaggo:
To a bar 'ya'ya mata su yi karatun mana. Kowa na son mace ta duba matarsa, amma ba mai son tasa 'yar ta je makarantar.

Baban Amira:
Hajiya, Amira na aji 2 yanzu. In Allah ya raya ta, na yi niyya.

Sista, wata tambaya. Ledar nan in ta ƙare fa? Kuma su waɗanda ke haihuwa a gida, kamar yadda tawa ta yi, me za su duba?

Sista Ungozoma:
Tana ƙarewa kuwa, sau ɗaya ake amfani da kowace. Watan jiya mun yi kwana 9 babu. Abin da muka yi, muka shimfiɗa leda mai kauri muka karkata ta cikin roba, muna juyewa a kofin awo. Bai kai ta asali ba, amma ya fi ido nesa ba kusa ba.

Na gida kuwa, abin da nake gaya wa ungozomomin gargajiya a taronmu na wata: ku tuna moɗar da ake ɗiban ruwa a randa. In jinin da ya zuba zai cika ta, ko zani ya jiƙe sharkaf aka canja na biyu ma ya kama hanya, ko gudaji na fita, kada a tsaya jiƙa magani, kada a ce bari gari ya waye, kada a jira maigida ya dawo daga kasuwa. A murza mara, a sa jariri a nono, a kira mota. Shi ya sa nake roƙon maza su bar izini tun ciki na wata 7, su faɗa gaban iyayensu cewa ko ba na nan a kai ta. Kuma mace ta zo awo, don wadda jininta ya yi ƙasa tun da ciki, kaɗan za ta zubar ta faɗi.

Direban Tasha:
Maganar izinin nan a kai ta masallaci ranar Juma'a. Na taɓa tsayawa ƙofar gida da mota a kunne kusan awa ɗaya ana neman maigida a waya.

Injiniya Ɗan Sola:
Dakta, na koma kan maganarka ta hannun da za a miƙa. Mu nawa ne a zauren nan? Mun haura 200. In kowa ya je aka gwada rukunin jininsa, aka rubuta suna da unguwa da lamba aka ajiye a ɗakin gwaji, ai ko ba firij an samu rumbu mai tafiya da ƙafarsa. Ni O ne, a fara da ni. Firij ɗin ɗakin haihuwa kuma zan zo in duba ranar Asabar, ba sai an biya ni ba.

Likitan Gunduma:
Wannan zai yi aiki in an kiyaye abu 2. Duk wanda aka kira sai an sake gwada jininsa a ranar, ciwon hanta da ƙanjamau da sauransu, ko shi wane ne, kada wani ya ji haushi. Kuma namiji ba ya bayarwa sai bayan wata 3 da na baya. Masu rukunin da ba a cika samu ba, su za mu fi lallaɓawa. Zan yi magana da mai ɗakin gwaji ya ware mana safiyar Asabar ɗin.

Baban Amira:
A rubuta ni na biyu. Zan zo da ƙannena 3.

Ɗan Madawa:
Ni na yi nisa, amma zan tambayi ƙanwata inda suke samun rigar nan da kuɗinta, in turo muku.

Sista Ungozoma:
Madalla, Allah ya saka. Wanda zai zo ya karya kumallo tukuna, kada ya zo da yunwa. Hajiya, ke kuma ina neman alfarma ki zo taron ungozomomi na ranar Laraba ki maimaita maganar tsawar nan gaban ma'aikatanmu, daga bakinki za ta fi shiga. Zan sauka yanzu, an kawo wata tun la'asar, 'yar fari ce, kuma ta fara nishi.